Wa Za a Gayyata, Kuma Ina? Kintacen Wasannin Ƙarshen Kaka a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A ƙarshen watan Nuwamba na 2007, jami'ar Missouri ta doke maƙwabciyarta kuma daɗaɗɗiyar abokiyar hamayyarta, jami'ar Kansas, da ci 36 da 28 a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Mako guda bayan nan Missouri ta sha kashi a hannun Oklahoma a wasan ƙarshe na lig ɗinsu, amma duk da haka tana gaban Kansas a jadawalin ƙasa. Da aka zo rabon wasannin ƙarshen kaka, masu shirya Orange Bowl a Miami, ɗaya daga cikin manyan wasannin da kowace jami'a ke kwaɗayi, suka tsallake Missouri suka miƙa wa Kansas goron gayyata. Missouri ta ɓige da zuwa Cotton Bowl a Dallas, wanda a wancan zamanin bai kai Orange daraja ba, bai kai shi kuɗi ba. Babu dokar da aka taka. Masu shirya wasan ne ke da ikon zaɓe, suka kuma ɗauki wadda ta kwanta musu a rai.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai zai ji abin banbaraƙwai. A Ingila ko Sifaniya teburi ne ke magana: ka ƙare a matsayi kaza, ka samu gurbin Gasar Zakarun Turai, babu mai tambayar yawan magoya bayanka ko nisan garinku. A ƙwallon jami'o'in Amurka lamarin ya sha bamban. Jami'o'i sama da 130 ne a babban mataki da ake kira FBS, an rarraba su cikin lig-lig, kowacce kan buga wasa 12 daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu sai a shiga wasannin gayyata, sun haura 40, mafi yawansu da kalmar Bowl a ƙarshen sunansu. Tun daga makon farko na kaka, 'yan jarida irin su Jerry Palm, wanda ya daɗe yana wannan aiki a CBS Sports, da Brett McMurphy, da marubutan ESPN, sukan fitar da jerin kintace kowane mako: wance za ta je gari kaza ta kara da wance. Jama'a na karantawa, ana musu a kai a gidajen rediyo da wuraren shan shayi na jami'o'i. A ganina, sanin ƙwallo shi ne mafi ƙanƙantar abin da wannan sana'a ke bukata. Mai kintacen da ya san abin da yake yi dole ya haddace yarjejeniyoyi, ya karanci zuciyar wani kwamiti, ya kuma san inda masu shirya wasannin ke jin ƙanshin kuɗi.

Dalili yana cikin asalin wasannin. Ranar 1 ga Janairu 1902, masu shirya bikin furanni a Pasadena ta jihar Kalifoniya suka gayyato Michigan ta kara da Stanford. Michigan ta yi mata 49 da nema. Kashin ya yi yawa har masu bikin suka jingine ƙwallon suka koma tseren keken doki, sai a 1916 aka dawo da ita, kuma daga nan ne Rose Bowl ya samo tushe. Manufar ita ce a nuna wa mutanen gabas da ke cikin ƙanƙara cewa akwai inda rana ke fitowa a Janairu, su zo su kashe kuɗi. Sauran garuruwa masu ɗumi suka bi sahu: Orange Bowl a Miami, Sugar Bowl a New Orleans da Sun Bowl a El Paso duk a 1935, Cotton Bowl a Dallas a 1937. Ba hukumar wasannin jami'o'i ce ta ƙirƙire su don gano zakara ba. 'Yan kasuwar gari ne masu neman baƙin da za su cika otal-otal a makon da ciniki ke mutuwa. Yau gidan talabijin na ESPN shi kaɗai ya mallaki sama da 12 daga cikinsu, abin da yake nema kuwa shi ne abin nunawa kowane dare a lokacin hutun ƙarshen shekara.

Da tafiya ta yi nisa sai kowane wasa ya ƙulla yarjejeniya da wani lig. Daga 1947 Rose Bowl ya zama mahaɗar zakaran Big Ten da zakaran jami'o'in gaɓar yamma. Irin wannan ɗauri ya sauƙaƙa kintace, amma ya hana manyan biyu haɗuwa. A 1984 BYU, wadda ba a ci ta ko sau ɗaya ba, tana ɗaure da Holiday Bowl a San Diego, inda ta doke wata Michigan mai nasara 6 da rashin nasara 5, aka kuma naɗa ta zakaran ƙasa a kan haka. A 1997 Michigan ta ci Rose Bowl, Nebraska ta ci Orange Bowl, dukansu babu wanda ya doke su, aka raba musu kambun. Irin wannan matsala ce ta haifar da tsarin BCS daga 1998 zuwa 2013, inda ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta ke fitar da biyun da za su buga wasan ƙarshe. A 2014 aka koma gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi 4, a 2024 aka faɗaɗa ta zuwa 12. Manyan wasannin gayyata shida, wato Rose, Sugar, Orange, Cotton, Fiesta da Peach, su ne yanzu ke karɓar zagayen kwata-fainal da na kusa da na ƙarshe. Sauran fiye da 30 suna nan da tsohon halinsu.

Aikin mai kintace yakan fara da ƙirge. Ƙa'ida ita ce sai ƙungiya ta ci wasa 6 kafin ta cancanci gayyata, kuma nasara ɗaya tak a kan ƙungiyar ƙaramin mataki ake lissafa mata a ciki. Gurabun sun haura 80, don haka a kan yi shekarar da masu nasara 6 ba su isa ba. Idan haka ta faru sai a leƙa cikin masu nasara 5, a jera su bisa ƙoƙarin 'yan wasansu a aji, da wani ma'aunin karatu da ake kira APR. Ke nan mai kintacen ƙwallo sai ya riƙe sakamakon karatun ɗalibai a aljihu. A 2015 Nebraska da Minnesota da San Jose State suka shiga ta wannan ƙofa, kuma abin dariya, dukansu uku suka ci wasanninsu. Akwai wata ƙa'idar ga jami'o'in da suka hauro daga ƙaramin mataki, waɗanda ake hana su gayyata na ɗan lokaci. James Madison ta ci wasa 11 cikin 12 a 2023, amma ba don masu nasara 6 sun gaza cika gurabu ba da a gida za ta yi hutun. Wannan ɓangare lissafi ne zalla, duk mai haƙuri zai iya.

Inda aikin ke fara tsauri shi ne sama, wurin kwamitin da ke zaɓen masu shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale. Mutum 13 ne aka tsara masa: daraktocin wasanni na jami'o'i, tsofaffin kociyoyi, tsofaffin 'yan wasa, wani lokaci da ɗan jarida. Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, tana cikin na farko. Sukan taru a wani otal a Grapevine ta jihar Teksas, su fitar da jadawali kowace Talata daga wajajen farkon Nuwamba, sannan na ƙarshe ranar Lahadin da ke bin wasannin ƙarshe na lig-lig a farkon Disamba. An rubuta musu abubuwan dubawa: ƙarfin abokan karawa, sakamakon haɗuwa gaba da gaba, cin kofin lig (a zamanin gasar ƙungiyoyi 4), da rashin wani muhimmin ɗan wasa ko koci. Abin da ba a rubuta ba shi ne wanne ya fi wanne nauyi. A nan gizo ke saƙa.

Tun shekarar farko kwamitin ya koya wa masu kintace darasi. TCU tana ta 3 a jadawalin Talatar ƙarshe ta 2014. Ranar Asabar ta lallasa Iowa State da ci 55 da 3. Ranar Lahadi ta wayi gari tana ta 6. Ohio State, wadda ta yi wa Wisconsin 59 da nema a wasan ƙarshe na Big Ten, ita ta haye ta 4, ta kuma je ta ɗauki kofin ƙasa. Wanda ya ɗauki jadawalin Talata a matsayin tsani da ake hawa mataki-mataki ya yi kuskure, domin kwamitin ya ce kowane mako daga farko yake sake lissafi.

Na 2023 ya fi ciwo. Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kofin ACC, ɗaya daga cikin manyan lig-lig. Kafin ranar ba a taɓa barin irin wannan ƙungiya a waje ba tun da aka fara gasar. Amma madugunta mai jefa ƙwallo, Jordan Travis, ya karye a ƙafa a watan Nuwamba, kuma kwamitin ya ce ƙungiyar da ta rage ba ita ce ta da ba. Ya ba Alabama, zakaran lig ɗin SEC mai rashin nasara ɗaya, gurbi na 4. Masu kintacen da suka rubuta Florida State sun dogara da abin da aka saba. Waɗanda suka rubuta Alabama sun lura da layin nan na rashin muhimmin ɗan wasa, da kuma wuyar da ke akwai a bar zakaran SEC a waje. Abin ma ba sabo ba ne. A 1973 Michigan da Ohio State, dukansu ba a ci su ba, suka tashi 10 da 10. Madugun Michigan, Dennis Franklin, ya karye a ƙashin wuya a wasan, daraktocin wasanni na Big Ten suka kaɗa ƙuri'a suka tura Ohio State zuwa Rose Bowl. Michigan ta zauna a gida, don a lokacin lig ɗin ba ya barin kowa zuwa wani wasan gayyata in ba Rose ba. Shekara 50 tsakani, hujja ɗaya. Ni dai ina ganin an ƙwari Florida State, domin abin da aka yi a fili ya kamata ya fi abin da ake zaton za a yi. Sai dai mai kintace ba alƙali ba ne. Ba a tambaye shi wa ya cancanta ba, an tambaye shi wa waɗannan mutane za su zaɓa, kuma masu cakuɗa tambayoyin biyu su suka fi faɗuwa.

Faɗaɗawa zuwa 12 ba ta kashe musun ba, ta dai gangaro da shi ƙasa. A 2024 da 2025 gurabu 5 aka ware wa zakarun lig-lig mafi matsayi, sauran 7 na kwamiti. A Disambar 2024 Clemson, wadda ba ta da hanyar shiga sai ta kofi, ta doke SMU 34 da 31 da bugun ƙafa daga nisan yadi 56 a daƙiƙar ƙarshe. Clemson ta shige a matsayin zakara, gurbin da ya rage ya zama tsakanin SMU da Alabama, kwamitin ya ɗauki SMU. A 2025 kuwa kwamitin ya shafe makonni yana ɗora Notre Dame a kan Miami, alhali Miami ta doke ta a wasan farko na kaka. A jadawalin ƙarshe, ba tare da ko ɗayansu ta buga wasa a makon ba, ya juya su, Miami ta shiga, Notre Dame ta fita. Wanda ya amince da abin da kwamitin ya yi ta faɗa duk Nuwamba shi ya sha ƙasa.

Kuskure ɗaya a sama kuwa ba ya tsayawa a sama. Kowane lig yana da jerin wasannin gayyata da ya ƙulla da su, kuma ana ɗiba ne bi da bi. Idan SEC ta samu ƙungiya 4 a babbar gasa maimakon 3, duk na ƙasa sai su matsa sama da mataki ɗaya, a can ƙarshe wani wasa ya rasa ƙungiyar SEC, ya je ya aro daga ƙaramin lig, nan ma a bar rami da sai an cike. Bugun ƙafa guda a daren Asabar na iya sauya wa ƙungiyoyi da dama masauki. Shi ya sa jerin da ake fitarwa a Satumba nishaɗi ne kawai, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ko na ƙarshen Nuwamba, wanda ya dace da rabin haɗe-haɗen ya yi ƙoƙari.

A wannan ɗiba bi da bi ne tsohon halin ke fitowa fili. Ba dole ba ne mai zaɓen farko ya ɗauki wadda ta fi nasara. A SEC, Citrus Bowl a Orlando ne ke fara zaɓe bayan babbar gasa, daga nan ofishin lig ɗin da kansa ke rarraba na gaba cikin wasanni shida bayan ya ji ta bakin jami'o'in da masu wasan. A 2024 wanda ya bi jadawali zai rubuta Alabama a Orlando, tunda ita aka bari a bakin ƙofa, ta kuma doke South Carolina a kakar. South Carolina ce ta je, Alabama ta tafi Tampa inda Michigan ta doke ta. Gogaggen mai kintace yakan tambayi kansa abin da mai biki ke tambaya kafin ya raba kati: wa zai zo da jama'a? Magoya bayan da suka saba da kofi, aka kuma hana su babbar gasa, ba lallai su sayi tikitin jirgi don wasan ta'aziyya ba. Na ƙungiyar da ta ci wasanni 6 na ƙarshe a jere, kamar South Carolina a shekarar, ɗoki ne zai kawo su. Sai a duba nisa, ko za a iya zuwa a mota. Sai a duba ko ƙungiyar ta je garin bara, don mutane ba sa son hutu wuri ɗaya sau biyu. Sai a kauce wa haɗa biyun da suka riga suka kara. Sai talabijin, wadda ta fi son sanannen suna mai nasara 7 a kan baƙon suna mai nasara 10.

Maganar tikiti ba wasa ba ce ga jami'o'in ma. An daɗe ana ɗora musu sayen wani kaso na kujeru, su sayar wa mutanensu ko su ɗauki asara. Connecticut ta je Fiesta Bowl a Arizona a Janairun 2011, gayyata mafi girma a tarihinta, ta dawo da asarar kusan dala miliyan 1.8, galibi saboda tikitin da ya kwantai. Masu wasan suna tuna irin wannan, kuma mai kintace ma ya kamata ya tuna.

Sannan ga yarjejeniyoyin da suka fi lig ɗin da ya sa musu hannu tsawon rai. A 2024 Pac-12 ta watse: USC, UCLA, Oregon da Washington suka koma Big Ten, wasu huɗu, ciki har da Colorado, suka tafi Big 12, Stanford da California suka shiga ACC, aka bar Oregon State da Washington State su biyu. Amma takardun da aka sa wa hannu da wasannin gayyata ba su ƙare ba, sai aka ce waɗanda suka fice su ci gaba da cike gurabun tsohon gidansu. Haka aka yi Alamo Bowl a San Antonio ya haɗa BYU da Colorado a Disambar 2024, 'yan lig ɗaya, ɗaya a kujerar Big 12, ɗaya a kujerar Pac-12. Wanda bai karanta takardun ba ba zai taɓa kawo wannan haɗi a ransa ba, komai iya kallon ƙwallonsa.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa da wa ya je Boise ya buga a kan shuɗin fili, ko wa ya je Charlotte inda ake sheƙa wa kocin da ya yi nasara bokitin mayonis a ka? Ga ƙananan jami'o'i abin na da muhimmanci. Gayyata na nufin ƙarin makonnin atisaye ga matasan 'yan wasa, da fitowa a talabijin na ƙasa lokacin da ake zawarcin sabbin ɗalibai, kuma kwantiragin kociyoyi da yawa na ɗauke da ladan kai ƙungiya can. Ga manya kuwa darajar tana zubewa, kuma wannan ya ƙara wa mai kintace wani sabon ciwon kai.

A Janairun 2016 Jaylon Smith na Notre Dame ya ji mummunan rauni a gwiwa a Fiesta Bowl, ya zame daga sahun farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL, kuɗi masu yawa suka kuɓuce masa. A ƙarshen wannan shekarar Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ce ba za su buga nasu wasannin gayyatar ba. An zage su a lokacin. Yau abin ya zama ruwan dare. Daga 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa da ta sauƙaƙa wa 'yan wasa barin jami'a, daga Yulin 2021 aka halatta musu samun kuɗi da sunansu, kuma Disamba ce watan da kociyoyi ke canza wurin aiki. Florida State ɗin nan ta 2023 ta je Orange Bowl bayan manyan 'yan wasanta da dama sun janye, Georgia ta yi mata 63 da 3. Duk wanda ya kintaci haɗin ya dace da suna, amma ƙungiyar da ta shiga fili wata ce daban.

Yanzu abin ya wuce ɗaiɗaikun 'yan wasa. A 2024 Marshall ta ɗauki kofin lig ɗin Sun Belt, ta karɓi gayyatar Independence Bowl don karawa da Army, sai kocinta ya tafi, 'yan wasa suka yi ta ficewa har ta janye, aka kira Louisiana Tech mai nasara 5 ta maye gurbi. A 2025 Notre Dame, da ta ga an bar ta a waje, ta ce ba ta zuwa ko'ina. Iowa State da Kansas State, waɗanda ke tsakiyar canjin koci, su ma suka ƙi, Big 12 ta ci kowacce tarar dala 500,000. Aka koma bin masu nasara 5 ɗaya bayan ɗaya, da dama suka ce a kai kasuwa. Birmingham Bowl ne ya rage babu abokiyar karawa ga Georgia Southern har daren ranar rabo, sai Appalachian State ta amsa: 'yar lig ɗaya da ita, mai nasara 5, wadda kuma suka riga suka kara a watan Nuwamba.